Gaiwa a Akwatin Madubi

A gefen garin Waca, ta inda ƙasa ke gangarawa zuwa tabkuna, akwai wani gida na mutum uku a zamanin da Faransi ke mulkin ƙasar Damagaram. Maigidan sunansa Tsoho, ko da yake bai haura shekara arba'in ba. Sunan kakansa ya ci, shi ya sa ake kiransa haka tun yana goye. Kamun kifi ne sana'arsa. Sai mahaifiyarsa, wadda kowa ke kira Ya Kaka, tsohuwa mai kaifin baki, idanunta sun fara dushewa. Ta ukun ita ce Daso, ƴar Tsoho, mai shekara goma. Uwarta ta rasu tun tana ƙarama, kuma Tsoho bai sake aure ba.

Suna da ƴar gona a jigawa, da akuya biyu, da koma ɗaya da ta sha ɗinki. Abin da ba su da shi shi ne namiji na biyu. Da can akwai Mamadu, ƙanen Tsoho. Shekara biyu da suka wuce aka ɗauke shi aikin dole, aka kai shi fasa dutse saboda hanyar mota da ake yi can arewa. Ya dawo bayan wata huɗu da tari, bai ga girbi ba.

Haka abin yake a lokacin. Kowace shekara, dab da damina, gardawa, wato dogaran Nasara, sukan zo wurin Maigari da takarda, a kira sunayen maza, a tafi da su. Gidan da ke da maza uku sai ya ba da ɗaya, ya ci gaba da noma. Gidan da ke da namiji ɗaya kuwa, in aka tafi da shi, sai mata su yi abin da suka iya da gonar. Ya Kaka ba ta zancen wannan, amma duk lokacin da ta ji ƙarar kamiyo, babbar motar da ke kwasar mazan, sai ta ajiye abin da ke hannunta har ƙarar ta wuce.

Nasaran da ke kula da aikin hanyar yana zaune a wani bariki mai baranda, bisa tudu, yamma da gari. Ba wanda ya iya faɗin sunansa, sai ake ce masa Mai Lofe, don lofen taba ba ya barin bakinsa. Ba ya jin Hausa. Duk maganarsa ta bakin tafintansa take bi, wani Sule, mutumin Magariya da ya yi lakwal, wato makarantar boko, mai farar riga da takalmin fata. Shi Sule yakan kira shi Mushe, yadda Faransawa ke kiran babban mutum.

Da kaka ta wannan shekarar kamiyo ya kawo wa Mai Lofe wani abu daga Kano, naɗe cikin ciyawa da buhuna. Akwati ne na madubi mai ƙarfe a gefuna, tsawonsa kamar yaro a kwance. Aka girka shi a baranda, aka cika shi da ruwa. Mai Lofe yana so ya zauna da la'asar yana kallon kifi suna yawo a ciki. Gardawa suka je tabki, suka ɗebo duk abin da hannunsu ya kai, suka zuba. Bayan kwana takwas tarwaɗa biyu ne kawai suka rage, sun yi ƙiba.

Aka tambayi Maigari wa ya fi sanin kifi a garin. Ya ce Tsoho.

Da Tsoho ya je bariki, ya tuɓe takalmi a ƙasan matakala, ya tsuguna. Sule ya tarbe shi da murmushi.

"Sarkin Ruwa! Yau ka sami sarauta. Ga tabkinka nan, mai kusurwa huɗu."

"Ranka ya daɗe, ni ba sarkin komai ba ne."

"Saurara dai. Mushe ya ce yana son kifi iri-iri, su zauna tare, kada wani ya ci wani. Muddin suna raye, sunanka ba zai shiga takardar hanya ba. In kuwa suka mutu, ka san sauran."

Da yamma Tsoho ya ba da labari a gida. Ya Kaka tana tsince wake a faifai.

"Mutum da ransa ana ce masa mushe, kuma yana amsawa?" in ji ta. "Kifin kuma cinsa zai yi?"

"Kallo kawai, Inna."

"Kallo. Ƙoshi ke nan." Hannunta ya tsaya cikin waken. "Baban Daso, ka riƙe kifin nan da kyau."

Washegari da hantsi Tsoho ya tafi tabki tare da Daso. Ya ja koma a bakin ruwa, ya juye abin da ya kama cikin babbar ƙwarya, suka tsuguna a kanta.

"Wanne za ki kai wa Nasara?" ya tambaye ta.

Daso ta nuna wata ƴar tarwaɗa, tsawon yatsa, mai dogon gashin baki. "Wannan. Ta yi kama da Maigari."

"Kada ki bari a ji ki. Buɗe bakinta mu gani."

Ta ɗan matse kan kifin. Bakin ya wage, faɗinsa ya kai faɗin kan duka.

"Kin gani? Kafin ki dubi kyan kifi, ki dubi bakinsa. Duk wanda zai iya shiga bakin nan, wata rana zai shiga. Yau ƙarama ce. Bayan wata biyu ta ninka sauran." Ya jefa ta cikin goran da ya tanada don miya.

Ya tsamo ƴan kawara, farare masu walƙiya, ya ce su a saman ruwa suke yawo, kuma ba a sa guda ɗaya, don tsoro zai kashe ta. Sai shida ko bakwai. Karfasa kuwa tsakiyar ruwa ce tata. Bakinta ƙarami ne, amma tana da zuciya. Maza biyu ba sa zama wuri ɗaya mai ƙunci, sai ɗaya ya yi ta korar ɗaya har ya daina cin abinci. Don haka ya zaɓi namiji ɗaya mai jan ƙirji da mata uku, duk kai ɗaya. A ƙarshe ya ɗauko ƙurungu biyu da dabara, saboda ƙayar bayansu.

"Su kuma fa, Baba? Ai ba su da kyau."

"Su ne masu shara. Abin da ya faɗi ƙasa su ke cinyewa. Sai dai ba sa son haske, a nemo musu fasasshiyar tukunya su shiga."

Daso ta ga akwai sauran kifi da yawa a ƙwaryar, ta ce a ƙara.

"A'a. Akwatin nan ba tabki ba ne. A tabki wanda aka kora yana da wurin gudu."

Suka wanke akwatin, suka shimfiɗa yashi, suka dasa ciyawar ruwa, suka kifa rabin tukunya a kusurwa. Tsoho ya ƙi ruwan rijiya, ya ce ruwan tabki za a kawo, a bari ya kwanta tukuna. Tun daga ranar, aikin Daso ne ta kawo tulu ɗaya kowace safiya, ta kwashe wani ruwan ta zuba sabo, ta goge madubin da soso, ta watsa gara da ɗan dusa.

Kifin suka zauna lafiya. Sanyi ya zo ya wuce, ba wanda ya mutu. Mai Lofe yakan ja kujera da la'asar ya zauna gabansu har rana ta faɗi. Ya fi son karfasar nan mai jan ƙirji, har ya koya mata karɓar gara daga yatsansa. Ya raɗa mata suna Madam.

"Malam Sule, ai namiji ne," in ji Daso wata safiya.

"Rufe bakinki. In Mushe ya ce Madam ce, Madam ce."

Daso ta kai wa Ya Kaka labarin, tsohuwar ta yi dariya har ta yi tari. A watannin nan an yi dariya a gidan fiye da yadda aka saba.

Sai bazara ta shigo. Tabkuna suka janye, suka bar laka mai tsattsagewa. A irin wannan lokaci ne masunta ke haƙar gaiwa. Gaiwa kifi ce doguwa, mai ƙafafu huɗu sirara kamar zare. In ruwa ya ƙafe ba ta mutuwa. Takan nutse cikin laka, ta naɗe jikinta, ta bar ƴar ƙofa ta numfashi, ta kwanta wata da watanni ba ci ba sha har ruwa ya dawo. Tsoho ya iya gane ƙofar daga nesa. Wata rana ya haƙo guda, ya bar ta cikin dunƙulen lakarta don kada ta lalace, ya ce zai kai wa Sule gaisuwa. Lokacin takarda ya kusa, kuma yana da kyau mutum ya gaida wanda maganarsa ke bi ta bakinsa.

Daso ce ta ɗauki dunƙulen a ka. Sun so su zagaya ta bayan bariki, amma Mai Lofe yana tsaye a baranda. Ya nuna dunƙulen da lofensa, ya yi tambaya. Sule ya amsa. Mai Lofe ya yi dariya, alamar bai yarda ba, ya ce a fasa.

Tsoho ya fasa lakar a hankali. Ga gaiwa a naɗe, wutsiya a kan fuska, cikin wata busasshiyar fata kamar ganye. Aka zuba mata ruwa a kwano. Can sai ta motsa, ta miƙe, ta ɗago kai ta shaƙi iska. Tsawonta ya kai kamu ɗaya.

Mai Lofe ya cire lofe daga baki. Daso ba ta taɓa ganin ya yi haka ba. Ya durƙusa kusa da kwanon, yana magana da sauri, yana nuna akwatin.

"Mushe ya ce bai taɓa ganin irin wannan ba," in ji Sule. "Ya ce a sa ta cikin akwati. Yana tambaya, za ta zauna da sauran, ko ba haka ba?"

Tsoho ya sunkuyar da kai. Ya sa yatsa yana zane a ƙasa.

"Tooo," ya ce.

Kalmar nan ba guda ɗaya ba ce a bakin mutanen ƙasar. Akwai gajeriya, wadda ke nufin an yarda. Akwai wadda ke nufin an ji kawai. Akwai kuma doguwa, wadda ake ja da ido a ƙasa. Ita ce ta ƙaramin mutum a gaban babba, in ya ga ɓarna tafe amma bai isa ya ce a'a ba. Ma'anarta, a sake tambayata. Da Maigari ne ya ji ta, da ya ce, "Faɗi abin da ke ranka, Tsoho." Daso ta san ta sarai. Ita babanta ya yi ranar da aka kira sunan Mamadu.

Sule ya juya wajen Mai Lofe. "Wi, Mushe," ya ce, wato eh da Faransanci.

Mai Lofe ya tafa hannu. Da kansa ya ɗauki kwanon ya juye cikin akwatin. Gaiwa ta sauka ƙasa a hankali, ta kwanta kusa da tukunyar ƙurungu. Daso ta buɗe baki, ta dubi babanta, ta rufe. Yaro ba ya sa baki in manya na magana.

A bayan madafa Tsoho ya tare Sule.

"Malam Sule, me ka gaya masa?"

"Abin da ka ce. Ka ce to, na ce wi."

"Ai ka ji irin wadda na ce."

"Na ji. Ni ma Bahaushe ne. Amma su guda ɗaya gare su, ba su da doguwa."

"Don Allah ka koma ka gaya masa. Wata shida ba ta ci komai ba. Haƙoranta suna fasa dodon koɗi. Za ta gama da su."

"In ce masa me? Tafinta ya yi kuskure? Wanda na gada kuskure ɗaya ya yi, yanzu yana can yana fasa dutse." Sule ya kakkaɓe rigarsa. "Ka ga fuskarsa kuwa? Wa zai ce masa a'a yana cikin wannan murna? Ni ma fa an cuce ni, Sarkin Ruwa. Na riga na sa rai da miya."

Tsoho bai yi dariya ba.

Suka yi abin da za su iya. Tsoho ya ce in cikinta ya cika wataƙila ta ƙyale sauran, don haka Daso ta shiga neman kwaɗi da dodon koɗi a sauran lakar tabki, tana kawowa safe da yamma. Kwana biyu gaiwa ta ci ta kwanta. A rana ta uku Daso ta tarar da kawara ɗaya tana juyi a saman ruwa, babu wutsiya. Ta tsame ta da sauri ta ɓoye a zaninta.

Tsoho ya saƙa ɗan shinge na tsinken kaba, ya raba akwatin biyu, gaiwa a gefe ɗaya. Da la'asar Mai Lofe ya fito, ya ga shingen, ya zare shi ya jefar. Sule ya ce Mushe ya ce ba kaso ya saya ba, akwatin kallo ya saya.

Tsoho ya roƙi a ba gaiwa tano, wato duro, nata daban. Sule ya ce wani babba zai zo daga Damagaram, kuma Mushe yana so ya nuna masa su duka wuri ɗaya. Ko Sule ya kai roƙon, ko bai kai ba, Tsoho bai sani ba.

Ƙurungu ɗaya ya ɓace. Sai kawara biyu. Tsoho ya ce a maye gurbinsu kafin a lura, amma tabkunan kusa sun ƙafe, sai ɗan ruwan da ba kifi a ciki. Suka tashi da asuba, shi da Daso, suka nufi wani tabki mai zurfi ta hanyar Guci. Sun kama kawara biyar. Kan hanyar dawowa rana ta yi zafi, ruwan gora ya ɗumame, Daso tana ta rufe shi da jiƙaƙƙen tsumma. Biyu ne suka iso da rai. Ƙafafunta suka kumbura, Ya Kaka ta gasa mata su da ruwan ɗumi.

"Ku kashe gaiwar nan mana," in ji Ya Kaka tana matsa ƙafar. "Ka matse ta a bayan kai, ka ce ajalinta ne ya zo. Nasara ya san ajalin kifi ne?"

"Inna, ita ma yanzu tana cikin kifin da aka ce kada su mutu. Ita ya fi kallo ma."

"To ka je ka faɗa masa da bakinka."

"Da wane baki? Duk abin da na faɗa, sai abin da Sule ya ga dama zai isa."

Ya Kaka ta matse tsumman.

Hadari ya fara haɗuwa a gabas da yamma, yana watsewa. Mutane suka fara gyaran gonaki. Aka ce gardawa sun riga sun je ƙauyukan kudu da takarda. Tsoho ya gaya wa Daso cewa in suka kai kwana goma, takardar Waca za ta rufe, daga nan ko me ya faru sai baɗi. Suka kai kwana shida.

A safiya ta bakwai Daso ta riga babanta hawa tudun, da tulu a kai. Ta sauke shi, ta dubi akwatin. Madam tana kwance a kan yashi. Rabinta ne kawai, daga kai zuwa jan ƙirjin. Bakin yana buɗewa yana rufewa a hankali. Gaiwa tana gefe, ba ta motsi, ƙafafunta sirara suna lilo cikin ruwa.

Daso ta tura hannu don ta tsamo rabin ta ɓoye. Hannunta bai kai ƙasa ba. Ta hau kan tulun ta ƙara miƙawa, ruwa ya jiƙa ta har kafaɗa. A haka ƙofa ta buɗe, Mai Lofe ya fito da kofi a hannu.

Bai yi tsawa ba. Ya ajiye kofin, ya tsaya yana kallon akwatin. Ya ƙirga sauran kifin da yatsa, ya sake ƙirgawa. Sannan ya kira Sule, ya ce a kira masuncin.

Tsoho ya iso, ya tuɓe takalmi, ya tsuguna inda ya saba. Ya dubi akwatin sau ɗaya.

"Mushe yana tambaya," in ji Sule, ba ya kallon kowa, "ka san wannan kifin zai ci sauran, ko ba ka sani ba?"

Tsoho ya dubi ƙasa. In ya ce ya sani, za a ce don me bai faɗa ba. In ya ce bai sani ba, za a ce ba shi da amfani a bariki. Daso tana kallon bayan wuyansa, gumi na gangarowa. Mai Lofe ya sake yin tambayar da ƙarfi.

Daso ba ta san lokacin da ta miƙe ba.

"Ya sani, kuma ya faɗa!" ta ce. "Ranar da aka sa ta ya faɗa! Ya ce to! Kowa ya ji, Malam Sule ma ya ji!"

"Daso," in ji Tsoho, a hankali.

Mai Lofe ya nuna ta da lofe, ya tambayi Sule me yarinyar ta ce. Sule ya dube ta. Sannan ya juya ya yi magana cikin Faransanci, gajeriya. Daso ba ta jin harshen, amma ta ji kalma ɗaya da ta sani a ƙarshen maganar. Ta ji "wi".

Mai Lofe ya gyaɗa kai sau biyu, ya shiga ɗaki. Suka ji an ja kujera, aka buɗe akwatin tebur inda takardar hanya take.

"Me ka ce masa?" Daso ta tambaya.

"Abin da kika faɗa. Ya sani, kuma ya ce to." Sule ya share goshi da hannun riga. "Yarinya, ban ƙara ko kalma ɗaya ba."

Tsoho ya miƙe, ya sa takalminsa, ya ɗauki tulun da kansa. A hanya Daso ta fara kuka, tana cewa ita ce ta jawo. Ya tsaya, ya dafa kanta.

"Ba ke ba ce. Gaskiya kika faɗa. Share hawayenki kafin mu shiga, kada kakarki ta gani."

Bayan kwana biyu gardawa suka zo ƙofar Maigari. Sunan Tsoho ne na huɗu. Kafin ya fita gida ya kai Daso bakin rumbu, ya nuna mata damin gero da ya ware don iri. Ya ce kada su yi shuka da ruwan farko, su jira na biyu, su tona ƙasa su ga laima ta kai tsawon hannu. Ya ce ta fara da gefen kwari, in ƙarfinsu ya ƙare su bar tudun. Ya ce ta rataye koma a inuwa saboda gara. Ya tsaya a ƙofar ɗakin Ya Kaka.

"Inna, na tafi."

Daga ciki ta ce, "Allah ya kiyaye." Ba ta fito ba.

Daso ta bi su har bakin gari. Maza goma sha biyu ne, kowa da ƴar jakarsa da gora. Aka loda su a kamiyo tare da diga da guduma. Ta tsaya har ƙurar ta kwanta.

Washegari wani gardi ya zo gidan. Ya ce Mushe ya ce yarinyar ta ci gaba da kawo ruwa da kwaɗi, don babban baƙon bai zo ba tukuna. Ya Kaka ta zage shi ta zagi wanda ya aiko shi, amma a hankali, bayan ya juya baya. Daso ta ɗauki tulu ta hau tudun. Cikin mako guda gaiwa ce kaɗai ta rage a akwatin. Mai Lofe yana jan kujerarsa da la'asar kamar da, ya zauna yana kallonta. Sule ya daina tsayawa a baranda in Daso ta zo.

Ruwan farko ya sauka, suka jira. Da na biyu ya sauka, Daso ta kai wa gaiwa kwaɗinta tun da sassafe, ta dawo ta ja hannun Ya Kaka zuwa gona. Tsohuwar ta riƙe sungumi tana sara ramuka, ba a kan layi ba, don ba ta gani sosai. Daso tana bin ta tana jefa iri tana rufewa da diddige. Kafin azahar Ya Kaka ta zauna a ƙasa, ta ce a ɗan dakata. Ba su gama ko rabin kwarin ba.

Daso ta tsaya da ƙwaryar iri a hannu, tana duban sauran gonar. A nan ta gane cewa babanta bai yi kuskure ko ɗaya ba game da kifin, kuma wannan bai tsare shi ba, domin mutumin da ke riƙe da takardar bai taɓa jin abin da babanta ya faɗa ba.